Rabon Mai Muzuru

Valcroix, Janairu 1949

Ɗana Firmin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma ruwan rinin nan na Lyon bai gama cinye maka fatar hannu ba. Da ka zo Kirsimeti na ga yatsunka shuɗi har farce, na yi shiru ne kawai don kada in kunyata ka gaban baƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni zuwan ƙanƙara tun kafin Fadan cocinmu ya ji a rediyonsa. Shanu suna ci, cuku yana nuna a ɗakin ƙasa, ɓera ko ɗaya bai sa masa haƙori ba.

Kyanwata Grisette ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta tsufa. Ba na son faɗa, amma ta tsufa. Jiya ta yi niyyar tsalle kan tebur, ta tsaya ta auna, ta fasa. Ka san tun kakan kakanka gidan Perrachon bai taɓa rabuwa da kyanwowin nan masu ruwan toka ba, waɗanda 'yan birni ke kira Chartreux kamar su suka halicce su. Uwa ta haifi 'ya, 'ya ta gaji ɗakin cuku, haka muka taso muka gani. To yaƙi ya watsa 'ya'yanta na baya, kuma tun da muzurunmu Pacha ya ɓace a shekarar yunwa, lokacin da mutane suka fara kallon kowace dabba da idon tukunya, babu sauran muzurun irinta a kwarin nan kaf. Na tambaya har ƙauyukan bayan dutse, daga baƙaƙe sai masu dabbare-dabbare. Shi ya sa duk ta fara neman namiji nake kulle ta a ɗaka, don ba zan reni 'yan kwararo a gidan nan ba.

Yanzu na ga kullen nan ni zai ci. In ƙanƙara ta fara narkewa za ta sake nema, kuma zuciyata ta ba ni wannan ce shekarar ƙarshe. Ka nemo mini muzuru. Ba kowane mai toka ba, ka ji? Gashi mai kauri da ke darewa a wuya kamar na tunkiya, ido jan ƙarfe ba kore ba, faffaɗan ƙirji, da bakin nan da kullum kamar murmushi yake. An ce wasu a birni suna haɗa su da na Ingila masu fuska kamar faranti. Ka kawo mini irin wannan, ni da kai ne.

Birnin da ya ƙwace mini ɗan ƙanena ai ya kamata ya rama mini da muzuru ɗaya.

Gwaggonka,
Eulalie

Lyon, Fabrairu

Gwaggo,

Na sami wasiƙarki, na gode Allah da jin lafiyarki. Ki riƙa ɗaure gwiwar da ulu, ki rage sauka ɗakin ƙasa da sanyin safiya. Na san ba za ki ji ba, amma na fita haƙƙinki. Hannuna suna nan shuɗi, 'yan mata ma sun ce ya karɓe ni.

Mai nema yana tare da samu. Na zama abin dariya a marina, duk wanda na tara sai in tambaye shi ko ya san mai muzuru, har abokan aiki suka fara yi mini kukan mage idan na shigo. Ranar Lahadi wata mai sayar da albasa ta kwatanta mini gidan wani tsohon masaƙin siliki a tudun masaƙa, Baba Barnabé. Matattakala ta kusa kashe ni kafin in kai ɗakinsa. Ina shiga na ga muzurun a kan tsohuwar masaƙa, Gwaggo, sai da na cire hula. Sunansa Baron. Duk abin da kika lissafa yana da shi, har da ƙarin kumatu irin na attajirai. Ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai, sak yadda kike yi wa mai awon madara.

Tsohon ya ɓoye shi a ɗaki duk tsawon yaƙi yana raba abincinsa da shi. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, daga shi sai Baron. Da na ba shi labarin Grisette, sai ya ce shi ya ɗauka nasa ne na ƙarshe a duniya. Ya yarda, kuma ba ya son ko sisi. Sai dai akwai sharaɗi biyu, ya ce ba shi ya ƙirƙiro su ba, haka masu kiwo ke yi tun fil azal. Na ɗaya, in an haihu, mai muzuru ke fara zaɓa cikin 'ya'yan. Na biyu, mace ce ke zuwa gidan namiji. Na ce, “Baba, ba ka san gwaggona ba.” Ya ce, “Kai kuma ba ka san muzuru ba, yaro. A gidansa sarki ne, a gidan wani kuwa ɓera ma ya fi shi ƙarfin hali.”

Ki sa ta a akwati mai ramuka, ki ba direban motar madara ya kai ta tasha, ni zan tarbe ta a nan.

Ɗanki,
Firmin

Valcroix, Maris

Firmin,

Ina gaishe ka. Gwiwa da sauƙi, ba don ulunka ba.

Sharaɗin farko na karɓa. Ka faɗa masa Eulalie Perrachon ta ce zaɓin farko nasa ne, kuma ba sai an rubuta ba. A zamanin Pacha huɗu-huɗu take zubowa, wani lokaci biyar. Ya ɗauki wanda ransa ke so, ni mace ɗaya ta ishe ni.

Na biyun kuwa sai dai ya yi haƙuri. In cusa ta a akwati kamar dankali in ba Gustave direba, mutumin da ko garwar madara sai ya mance ta a bakin hanya? Kuma tun yaushe 'yar gidan mutunci ke ɗaukar ƙafa ta bi namiji har ɗakinsa? Babanka da yake neman uwarka sai da ya tsinke takalmi a kan dutsen nan kafin a ba shi kujera. Baron ɗin da me ya fi shi?

Ta fara birgima tana goga jiki a ƙafar tebur. Ka lallashi tsohon, ka kawo mini angon ranar Asabar.

Eulalie

Lyon, ƙarshen Maris

Gwaggo,

Ina fata kin huce, ina kuma fata an gama share fasassun kwanoni a ɗakin girki. Na iso lafiya, yakushin hannuna ya fara kamewa.

Ba zan ce ai an faɗa miki ba, don ina son in sake cin cukunki. Amma angon da na sha wuya kafin tsohon ya bari in kawo miki ya ƙare ziyararsa a ƙarƙashin kabad yana muzurai, amarya ta tsare bakin kabad ɗin, duk ya leƙo sai ta ɗauke shi da mari. Ke da bakinki kika ce masa kyanwar Lami. Abin da ba ki gani ba shi ne mayar da shi gida. Na hau matattakalar nan ina tsara abin da zan ce wa tsohon, don kin san da kunne tsagagge na dawo da shi. Baba Barnabé ya kama kunnen ya daɗe yana dubawa. Shi kuwa gogan yana jin ƙasan ɗakinsa ya miƙe, ya haye masaƙa ya hura kumatu kamar shi ya ci yaƙin.

Tsohon ya ce, “Ka gani ko? Ka ce da gwaggonka ban yi fushi ba. Macen da ta iya tsaga kunnen Baron, irinta bai kamata ya ƙare ba. Amma ba zai sake ƙetare ƙofar nan ba, ko wa ya aiko.”

Ya ce nan da 'yan makonni za ta sake nema. In wannan ya wuce sai baɗi, kuma ke kika ce babu baɗi. Na san ba za ki ba kowa ita ba, na san ba ki taɓa shiga jirgin ƙasa ba, rabonki ma da wuce kasuwar kwari tun ban san kaina ba. Ni dai nawa ya ƙare, saura naki.

Firmin

Valcroix, Afrilu

Firmin,

Lafiya lau. Ka tare ni a tasha ranar Talata, jirgin rana. In na ga haƙoranka a waje zan juya.

Eulalie

Valcroix, ƙarshen Mayu

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina fata aiki da sauƙi. Ni na dawo da tari, kyautar hayaƙin garinku, amma yana tafiya. Har yanzu ban ga abin da kuke gani a birni ba, mutane a jere kan mutane kamar cuku a kan katako. Mutanen Valcroix kuwa sun hana ni sakat, kowa sai ya zo ganin wadda ta shiga jirgi. Na ce musu keken shanu ne mai yawan surutu.

Ba ka ji yadda muka yi da tsohon naka ba, don kana ajiye ni ka gudu marina. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ke ce uwar 'yar damben?” Na ce, “Kai ne uban mai ɓuya a kabad?” Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ɗora mana kofi a wuta. Da na fito da Grisette bai yi mata wasan banza irin na mutane ba. Ya hura gashin bayanta ya ga yadda ya dare har ƙasa, ya juya fuskarta wajen taga ya dubi ido. Ya ce, “Baiwar Allah, tun rasuwar matata ban ga abu mai kyau haka ba.” Na yafe masa matattakalar a nan take.

Kuma gaskiyarsa ce, in faɗa sau ɗaya kada ka sake tambaya. A ɗakinsa Baron wani muzuru ne daban. Ita kuwa da ta ga ba gidanta ba ne, sai ga ladabi kamar ba ita ba.

To albishirinka. Nonuwanta sun yi ja, tana cin abincin kyanwa biyu. Cikin bai kai na da girma ba, amma ciki ne. Na shimfiɗa mata tsohon siket ɗina a bayan murhu. Rabona da farin ciki irin wannan tun ranar da aka buga ƙararrawar ƙarshen yaƙi.

Gwaggonka

Valcroix, Yuli

Firmin,

Ina lafiya. Grisette ta sauka ranar Alhamis, ta sha wuya amma ta tashi. Gidan Perrachon dai ya tashi a tutar babu. Kada ka tambaye ni komai yanzu, hannuna ba ya son alƙalami.

Eulalie

Lyon, Yuli

Gwaggo,

Na karanta. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba Grisette lafiya. Ki ci abinci, don na san halinki.

Don in sauke miki nauyi, na hau da kaina na gaya wa Baba Barnabé cewa 'ya'yan ba su zo da rai ba. Yana tsaye, sai ya nemi kujera. Ya ɗauki Baron ya ɗora a cinya, ya ce masa, “To, tsoho, mu ne za mu rufe ƙofa ke nan.” Ashe har ya saƙa ɗan bargo na siliki ya ajiye. Ya ce in gaishe ki, in ce miki kin yi abin da mutum zai iya.

Firmin

Valcroix, Yuli

Firmin,

Gaisuwa kaɗan, don ba ka cancanci mai yawa ba. Wa ya ce maka sun mutu? Maraƙin da babanka ya sayar don ka yi makaranta, ashe asararsa aka yi?

Ɗaya ta haifa. Ɗaya tak, mace, rayayya, tana tsotso kamar za ta cinye uwar. Kuma tun da nake ban taɓa ganin irinta ba, ni da na ga haihuwar kyanwowi tun ina 'yar mitsitsiya. Kanta zagayayye, ƙirji faffaɗa tun yanzu, gashi kamar an tsefe ulu. Ta buɗe ido shuɗi irin na kowane jariri, sai nan gaba zai juya. Idan na ɗora ta a tafin hannuna ba ta tsoro, kallona take kamar ni ce baƙuwa a gidan.

To zaɓin farko cikin ɗaya, ai ko kai ka iya wannan lissafin. Tasa ce. Abin da nake nufi ke nan da na ce mun tashi a tutar babu, kuma baƙin cikinsa ne ya hana ni rubutu. Grisette ba za ta sake ba, na ga yadda ta fita daga wannan.

Ka koma yau ɗin nan ka gyara ɓarnar da ka yi. Ka ce masa in ta isa yaye za a kawo masa abarsa.

Eulalie

Lyon, Agusta

Gwaggona,

Ina fata kina lafiya, da uwa da 'ya. Na yi tsalle a tsakar marina da na karanta, har na kusa faɗawa cikin baho. Na karɓi zagin, na ci shi.

Amma ban hau wurin tsohon ba tukuna. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga takardar.

Ya riga ya yi kukansa ya share hawaye. Bai san komai ba, kuma ba mai gaya masa, don babu ɗan Valcroix da zai haura tudun nan. Shi kansa tarinsa ba na lafiya ba ne, in ya kwanta wa zai riƙe ta? Ɗakinsa ko ɓera babu, me za ta yi a can, ta zauna kan taga tana kallon hayaƙi? Kuma ba za a haɗa ta da ubanta ba, to amfanin me za ta yi masa? A wurinki kuwa ga ɗakin cuku, ga gidan da kakanninta suka tsare. Ni zan ci gaba da neman wani muzurun, ko ƙarshen Faransa ne.

Ƙaryar ma ba ke kika yi ba, ni na yi, kuma ba da gangan ba. Bari in ɗauki zunubin ni kaɗai. Ke dai ki yi shiru kawai. Ni gani nake Allah ne ya dubi gidanmu ya karkatar da idona a kan wasiƙar nan.

Ɗanki mai son ki,
Firmin

Lyon, Satumba

Gwaggo,

Shirun ya yi yawa. Gustave ya ce wa wani ɗan garinmu yana ganinki a bakin hanya da garwa, don haka na san kina tsaye. In shirun nan amsa ce, wace iri ce? Ko zagi ne ki aiko.

Firmin

Valcroix, Oktoba

Ɗana Firmin,

Bayan gaisuwa, ina lafiya, gwiwa ta kumbura amma ta san dalili. Na zo Lyon ranar Litinin na koma a ranar. Ban neme ka ba, don na san da ka ɗauki kwandon ka yi ta yi mini wa'azi har saman bene.

Kada ka ɗauka ban auna maganarka ba. Na auna ta fiye da yadda kake zato, ina kallon 'yar nan tana koyon farauta a bayan uwarta. Ranar da ta kama ɓeranta na farko ta kawo mini har kan takalmi, saura kaɗan in rubuto maka in ce na yarda. Sai na ga duk ranar da zan sauka ɗakin cuku in same ta, kyanwar sata zan gani. Gidan nan ya yi yunwa, ya yi rashi, amma ba a taɓa ajiye abin wani a cikinsa ba. Kuma kada ka sake jingina wa Allah rashin iya karatunka.

Na sa ta a kwandon ƙwai na rufe da tawul. Da tsohon ya buɗe ƙofa ya ɗauka ta'aziyya na zo yi, har ya fara ba ni haƙuri. Na ajiye kwandon a kan tebur na yaye tawul. Firmin, da ka ga fuskarsa. Ya dafa bango. Na gaya masa komai, cewa ɗaya ce, kuma Grisette ta gama haihuwa. Kai kuwa na ce masa kuskure ka yi, ban ƙara ba.

Ya ce, “Ɗauki abarki, baiwar Allah. Ni na riga na yi makokinta.”

Na ce, “Magana zarar bunu ce. Na ce zaɓin farko naka ne.”

Ya ce, “To na zaɓa, na ba ki.”

Na ce, “Ban hau benen nan da gwiwa ɗaya don a yi mini sadaka ba. Kawo man shanu.”

Na shafe mata tafin ƙafafu huɗun da hannuna, yadda uwarmu ke yi wa duk kyanwar da za ta sauya gida, don ta lashe ta manta hanya. Ta zauna a tsakiyar teburinsa tana lasa kamar gidan ubanta ne, kuma ai gidan ubanta ne. Baron ya sauko ya shinshina ta, ta ɗaga masa hannu, ya ja da baya. Tsohon yana dariya yana share ido. Ya ce kwanan nan ya ji labarin akwai sauran irinsu a wani tsibiri can yamma, zai sa a rubuta musu. Na ga mutumin da ka ce ya kusa kwanciya yana neman hularsa kamar a ranar zai tafi.

Ya tambayi sunanta. Na ce ban raɗa ba, mai abu ke raɗa suna. Ya dube ta ya dube ni, ya ce, “Eulalie za a kira ta, don na ga alamar ba za ta ji magana ba.” Na ce Allah ya shirye shi, na fito.

Na yi kuka a jirgi, ba na ɓoyewa, har wata mata ta ba ni tuffa. Amma da na sauka a Valcroix kaina a sama na ratsa gari. Jinin gidan Perrachon bai ƙare ba, yana zaune a saman Lyon yana kallon birnin daga bisa, inda ya dace da shi. Na yafe maka. Hukuncinka shi ne duk Lahadi ka hau benen nan ka dubo ta, ka rubuto mini abin da ta ci da wanda ta mara. In tarin tsohon ya yi nauyi, ka san aikinka ba sai na faɗa ba.

Grisette ta tare ni a bakin ƙofa. Na ajiye kwandon, ta leƙa, ta shinshina tawul ɗin, ta dube ni. Na ce mata, “Mun cika, tsohuwa.” Sai ta shiga ciki ta kwanta. Tun daga ranar a ciki take kwana, ƙwai kuma a cikin hulata nake kwasowa. Na bar mata kwandon.

Ni ce gwaggonka,
Eulalie Perrachon